Allurar Biro

A tashar mota, wata tela tana jiran mota ta cika, ta rungume sabuwar tukunyar kashe gobara kamar jaririya. Direban, wanda bakinsa ba ya shiru, ya matso.

"Hajiya, wannan 'yar taki ba ta kuka?"

"Ta shagona ce, Malam. Jiya saura ƙiris dutsen guga ya cinye min ɗinkin mutane."

"To bari in koya miki. Kullum ki riƙa duba allurar nan da ke cikin ɗan gilashin da ke jikinta. In tana kan kore, lafiya lau. In ta faɗa ja, gwangwani kike ajiya."

Ya janyo tukunyar motarsa daga ƙarƙashin kujera, ya hure ƙura. "Kin ga tawa? Shekara tara ba ta taɓa barin kore ba."

Tela ta karɓa, ta ji ta sakayau kamar fanko. Ta kanne ido ɗaya irin na mai zura zare, ta leƙa gilashin.

"Malam, shekara ashirin ina riƙe allura, ban taɓa ganin wadda aka zana da biro ba."

"Ai... ma'aikatan hanya ba sa ganewa, daga nesa suke dubawa."

"Gobarar fa? Ita ma daga nesa take dubawa?"

Direba ya sosa ƙeya, ya dubi motarsa da ke ɗigar fetur. Sai ya buɗe mata ƙofar gaba, ya goge kujerar da hularsa.

"Nan za ki zauna, Hajiya, kusa da inji. 'Yar taki kuma, don Allah kada ki sa ta a but."