Teburin Alhamis Ya Tashi

Wiltrud: Ku yaran yanzu ba ku da ta-ido. Sati uku ina kwance a asibiti, sai yau ka tuna kana da kaka?

Torben: Barka da rana, Kaka. Ya jikin? Ya ƙugun?

Wiltrud: Yana nan inda likita ya ɗaure shi. Ya gidan abincina? Ya tsofaffin nan masu zama a teburin Alhamis?

Torben: Lafiya... Kina ji na? Ina ɗakin giya na ƙasa, layin na yankewa.

Wiltrud: Ras nake jin ka. Eckhard da abokansa sun zo?

Torben: Sun zo. Na dafa musu ƙafar alade da kabeji mai tsami, kamar kullum.

Wiltrud: Da farar giyar inabin gonarmu. Ita ke yanke maiƙo.

Torben: To, wai cewa na yi a ɗan canza. Na haɗa musu abin da na koyo a Berlin. Giyar cakulan, da kirim, da ƙanƙara, a girgiza...

Wiltrud: Cakulan. A kan kabeji.

Torben: Har garin cakulan na barbaɗa a sama, Kaka, ya yi kyau.

Wiltrud: Shekara arba'in da ɗaya mutanen nan suna zama a teburin nan. Marigayi kakanka ko kofi bai taɓa canza musu ba. Me Eckhard ya ce?

Torben: Ya kurɓa sau ɗaya, ya goge gashin baki, ya miƙe. Sauran shidan suka bi bayansa.

Wiltrud: Zai huce. Ka kai masa kwalba biyu na giyar gonarmu har gida, ka cire hula, ka ba shi haƙuri.

Torben: Na je. Matarsa ta karɓa a bakin ƙofa, ba ta ce in shiga ba. Kaka... sun ɗauke ƙararrawar tagullar da ke kan teburin.

Wiltrud: Mai sunayensu a jiki?

Torben: Ita. Jiya na hango ta ta tagar gidan abincin tsallaken titi. Kaka? Layin ne?

Wiltrud: Ba layi ba ne. Tunda suka ɗauke ta, sun tafi kenan, kuma duk inda suka zauna nan ƙauyen ke bi. Mutum nawa suka ci abinci yau?

Torben: Biyu. 'Yan wucewa a kan keke.

Wiltrud: Ka kai wa maƙwabciya Gudrun makullin ɗakin giya. Ka koma Berlin ka girgiza musu cakulan.

Torben: Haba Kaka, ki bar ni in ƙara gwada...

Wiltrud: Ka kashe murhu kafin ka fita. An kawo mini magani.