Ni Na Sauya Kwalbar

Shugaban taro, shugabar makaranta, 'yan kwamitin gudanarwa, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwana malamai, assalamu alaikum. Ina godiya da aka ba ni dama kafin a ɗaga hannu, ko da yake na san akwai masu son in yi shiru.

Ni ne malamin kimiyyar sinadarai. A gabanku akwai takarda mai neman a cire ɗalibanmu uku masu lalurar gani daga ajin kimiyya, saboda abin da ya faru a ɗakin gwaji ranar Talatar makon jiya. Maganata uku ce.

Ta farko, an gaya muku yarinya ta ƙone a hannu don ba ta gani. Ba haka ba ne. Yarinyar nan, wadda 'yan ajinsu ke kira Likita, ta san teburinta fiye da yadda na san aljihuna. Kowace kwalba mun ɗaura mata zare a wuya: ƙulli ɗaya ruwa, ƙulli biyu gishiri, ƙulli uku sinadari mai ƙuna. Shekara biyu ko kofi ba ta taɓa fasawa ba. Ranar, ina sauri, na juye mai ƙunar a kwalba mai ƙulli ɗaya, na ce zan gyara, aka kira ni ofis, na manta. Ta shafa, ta ji ƙulli ɗaya, ta zuba don ta ɗauraye hannu. Ta bi doka, jama'a. Ni na karya ta.

Baban Likita, ina ganinka a layin baya. Kai ka fara sa hannu a takardar nan, kuma ban ga laifinka ba. A asibiti ka tambaye ni, "Malam, yaya aka yi?" Na ce maka tsautsayi ne. Kwana tara kalmar nan tana ci na. Ka yafe ko kada ka yafe, hakkinka ne ka sani.

Ta biyu, ranar Juma'a ake rufe rajistar jarrabawa. Wanda aka cire yau, an cire shi ke nan. Yaran da suka koyi siffar zuciya da laka, suka koyi awo da sirinji mai tsaga, suka haddace ɗakin nan taku-taku, za mu ce musu wahalarsu ta tashi a banza saboda mantuwar mai ido?

Ta uku roƙo ne. In hukunci za a yi, ga ni, na riga na rubuta wa shugabar makaranta. A kafa doka: ba a sauya kwalba sai a gaban mutum biyu, ba a gwaji sai da safar hannu. Amma a bar yaran nan a ajinsu.

Jiya na je na gaya wa Likita gaskiya. Ta ce, "Malam, ashe ban yi kuskure ba?" Na ce ba ta yi ba. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Abin da ya fi damuna ke nan, ba ciwon ba."

Yanzu haka tana bayan ƙofar nan, hannu a naɗe, tana jin mu.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya sanyaya zuciyar iyayenta, Ya yi muku jagora a hukuncinku, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.