Ruwan Ya Yi Yawa

A ɗakin jiran asibiti, wata mata ta matsa wa wani dattijo mai rungume da tukunyar fulawa ya zauna.

"Baba, asibiti ka zo ko lambu?"

"Ta mai ɗakina ce, 'yata. Mota ce ta buge ta, ta bugu a ka, magana ta ɗauke. Sai na ji a rediyo wai masana na tatso wani sinadari daga tsirrai, mai taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su farfaɗo. Ban kama sunan tsiron ba, sai na dinga kwaso mata shuke-shukenta na gida ina jerawa a taga."

"Haba Baba! Ai ba kallonsu ake yi a warke ba!"

"Haka likita ya ce, har da dariya. Wai abin ma yana ɗakin gwaji tukuna."

"To ka mayar da su gida mana."

"In mayar? Jiya ina ba su ruwa, sai na ji murya a bayana: 'Malam, ruwan ya yi yawa, za ka kashe min su!'"

"Allah mai iko! Ta yi magana?"

"Faɗa ta yi, 'yata, faɗa! Yau ma da gangan zan cika ruwan."