Kayen Atika

NA'OMI: Alo? Mushe Jibo? Ina wuni?

MUSHE JIBO: Lahiya lau. Wa ke magana?

NA'OMI: Na'omi ce, Mushe, ta Tsibiri. Wadda kuka koya wa Faransanci a sisiyam, ajin farko na sakandare.

MUSHE JIBO: A'a, ɗiyata! Madam Na'omi! Ina gajiya? Ina Hezekiya da yara?

NA'OMI: Duk lahiya, mun gode Allah. Ya zaman ritaya? Ya mutanen unguwar Zariya?

MUSHE JIBO: Alhamdu lillahi. Gwiwa ce dai ke ta gardama. Ya lakkwal? An koma aji, ko ana nan ana yajin aiki?

NA'OMI: Mun koma tun Litinin. Mushe, shawara nake nema. A kan wani kaye ne.

MUSHE JIBO: Kaya? Wa ya aiko kaya?

NA'OMI: Kaye, Mushe! Kaye, littafin rubutu, na wata ɗalibata.

MUSHE JIBO: To, to. Rezon waya ne ba kyau. Bari in fito tsakar gida. Ina jin ki.

NA'OMI: Na ba 'yan katiriyam, aji na uku, aikin rubutu, na ce kowa ya ba da labarin wata rana da ba zai manta ba. Yawancinsu Sallah suka rubuta. Sai wata yarinya, Atika, wadda ko hannu ba ta ɗagawa a aji. Ita ta rubuta ranar da babanta ya kori wanta Hamidu daga gida.

MUSHE JIBO: Subhanallahi. Mi ya yi?

NA'OMI: Gardamar tazarce, ana cikin cin tuwo. Uban yana so, ɗan ba ya so. Yanzu wata uku yaron yana Jiratawa, yana aikin garka, noman lambu, wurin kawunsu. Mushe, ku ga rubutun! Ta ce har yau innarsu tana ɗauko kwanon Hamidu in za ta raba tuwo, sai ta tuna, ta mayar da shi a hankali don kada maigida ya ji ƙararsa.

MUSHE JIBO: Kai! 'Yar katiriyam ta rubuta wannan?

NA'OMI: Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, ban ga irinsa ba. Daɗi ya kama ni, na karanta wa aji. Ban faɗi suna ba.

MUSHE JIBO: A Tsibiri? Ai ba sai kin faɗi ba. Kin tambaye ta kafin ki karanta?

NA'OMI: ...Ban tambaye ta ba.

MUSHE JIBO: Uhm.

NA'OMI: Na sani, Mushe. Kafin Azahar magana ta kai kasuwa. Yau da safe uban ya zo lakkwal.

MUSHE JIBO: Da faɗa?

NA'OMI: Da ma faɗan ya yi, da na san inda na dosa. Ya gaishe ni a tsanake, ya ce an gaya masa 'yarsa ta kwance masa zani a gaban yara sittin. Ya ce shi ba ya jin Faransanci, don haka gobe bayan La'asar in kawo kayen gidansa, in fassara masa kalma kalma. In ya ji, sai ya san ko za ta ci gaba da karatu ko ta zauna gida.

MUSHE JIBO: Alo? Ko ta mi?

NA'OMI: Ko ta zauna gida! Shi ne nake tunanin in sassauta wajen fassara. In tsallake wurin da ta ce ya ɗaga murya har ƙannenta suka ɓoye bayan rumbu.

MUSHE JIBO: Da kika karɓi kayen, mi kika gyara da jan biki, alƙalamin gyara?

NA'OMI: Kuskure huɗu ne kawai, na nahawu.

MUSHE JIBO: To gyaranki ya ƙare nan. Sauran nata ne. In kin tsallake, tana bayan labule tana ji, kin koya mata ke nan cewa abin da ta gani bai cancanci a faɗa ba. Kuma mutumin zai kai wa wani ya karanta masa, ya gane kin yi masa wayo.

NA'OMI: To in ya cire ta fa, Mushe? Ni na jawo.

MUSHE JIBO: Ke kika jawo, ba zan ɓoye miki ba. Gobe da safe ki kira ta gefe ki ba ta haƙuri. Ki tambaye ta ko ta yarda a karanta. In ta ce a'a, ki je ki gaya wa uban haka, ki ɗauki laifin a kanki. Akwai zagi a ciki?

NA'OMI: Ko ɗaya. A ƙarshe ma cewa ta yi ta taɓa ganin babanta ya tsaya tashar motar Jiratawa, ya daɗe, bai shiga ba.

MUSHE JIBO: Wannan layin, kada ki yi sauri a kansa.

NA'OMI: To, Mushe. Wayyo, kuɗin wayar ma sun kusa...

MUSHE JIBO: Saurara. Gobe zan shigo motar Tsibiri da ƙarfe uku, mu je tare. Ba zan ce komi ba, zama kawai zan yi. Wane gida ne?

NA'OMI: Da gwiwar taku, Mushe? Gidan Alhaji Idirisa mai hatsi, in kun wuce kasuwa sai ku...

MUSHE JIBO: Alo? Na'omi? Alo?... To. Na tambaya in na sauka.