Kafiretar Baba Mode

A tashar Boɗinga tsohuwar Fijon Baba Mode ta mutu, ga albasa jibge a baya, ga kasuwar Shagari tana ci. Wani matafiyi mai baƙin mai a farce ya leƙa injin.

"Baba, kafireta ce ta toshe."

Mode ya ja da baya. "Subhanallahi! Kafira? Cikin motata?"

"Kafireta, Baba. Ga ta nan ƙarƙashin tukunyar iska. Ita ka gauraya iska da fetur."

"Ashe! Shekara da shekaru ina ciyar da ita ban sani ba. To, mi za a yi mata?"

"Kwance ta zan yi, in wanke ta, in hure ramukan."

"Wanka? Madalla. Daga nan ake farawa."

Ana gama wankan, bugu ɗaya mota ta tashi.

"In ka gaji da ita, Baba, motocin zamani ba su da kafireta."

Mode ya shafa murfin injin. "Bar mini abata, ɗana. Kowace Juma'a ita ka kai ni masallaci. Ɗan cikina mai sabuwar mota ko sau ɗaya bai taɓa kai ni ba."