Fitsarin Karen Maharbi

A bencin asibitin dabbobi na Gummi, wata mata mai kyanwa a kwando ta ƙura wa kwalbar wani tsohon maharbi ido.

"Baba, mi ka riƙo haka kamar turare?"

"Fitsarin karena ne, ɗiyata. Ruwan wankin zinariya mai gubar dalma ya sha a Bagega, ya daina cin abinci. Nas ta ce in kawo a auna."

"Tsaya maka ya yi ka tara?"

"Ina! Da ludayi na bi shi har fadama. Taki fa?"

"Tawa binnewa take yi. Ƙasar na kwaso, nas ta yi ta dariya. Baba, kai ba ka sha ruwan ba?"

"Tare muka sha."

"An auna naka?"

Tsohon ya gyara riƙon kwalbar.

"Bari a fara da mai kamo zomo tukuna."