Tukwane Bakwai na Mbuya Esinati

Mai girma Sarki, ranka ya daɗe. Mai unguwa da dattawan gari, Fasto Mudzingwa da dattawan ikilisiya, matan zumunta masu fararen kallabi, 'ya'ya da jikokin marigayiya Mbuya, wato Kaka, Esinati Gwenhure, surukai, maƙwabta, da ku da ƙanshin nama ya jawo, ina gaishe ku, kowa a matsayinsa.

Ni ce Keresia, sahwirarta, wato aminiyarta kuma abokiyar wasanta. Shekara hamsin da biyu muna zagin juna muna cin tuwo a kwano ɗaya. Kun san al'ada, ba a rufe bakin sahwira a wajen makoki, ko Sarki sai dai ya sunkuyar da kai. Jikata ta rubuta mini jawabi mai daɗi, ga takardar nan na naɗe. Abin da na sha yau da safe ya hana ni karanta shi.

Ta kasance marowaciya, haka muka ce, mu mutanen garin nan. Ganyen wake ta shanya, kabewa ta yanka ta busar, gurjiya ta ɓoye da ɓawonta, mu kuwa muna wucewa muna taɓe baki. Amma abin da ya fi tsone mana ido shi ne tukwane bakwai da ta jera a kan dakalin ƙuryar ɗakin girkinta. Jan tamba ne a ciki, irin da ta gada wajen uwarta, an cuɗe shi da toka don ƙwari, an liƙe bakin da laka da kashin shanu. Kowace damina ta buɗe wadda ta fi daɗewa ta shuka, in kaka ta yi ta cika ta, ta mayar ƙarshen layi. Na taɓa ce mata, “Ke mayya, ɗaya ba ta isa ba?” Ta ce, “Yusufu na shekara nawa ya tara wa Masar? Ni na fi shi wayo ne?” Ba ta iya karatu ba, amma kunnenta ba ya yoyo.

Ta kasance matsafiya, haka Fasto ya ce. Kar ka dubi takalminka, Fasto, ni za ka duba. Lokacin kana sabon zuwa, wuyanka bai cika kwala ba. Ka leƙa ɗakin, ka ga tukwane a wurin da kakanninmu ke ajiye tukwanen bautar masu gida da suka riga mu, shi ke nan ka gama bincike. Ranar Lahadi ka yi wa'azi a kan manna, yadda wadda aka ajiye ta kwana ta yi tsutsa, idonka a kanta daga farko har ƙarshe. A bakin ƙofa ta tare ka, ina tsaye. Ta ce, “Fasto, ranar da tuwo ya fara faɗowa daga sama a nan Chivi, aiko a gaya mini, da hannuna zan fasa su.” Ka hana ta Jibin Ubangiji wata uku. Ku kuma matan zumunta kuka karɓe mata kallabi, yau ga ku a layin gaba kuna share ido.

Ta kasance mai taurin zuciya, wannan kam gaskiya ne. A farin shekarar casa'in da biyu masara ta ƙone tana gwiwa, muka ci jar masarar agaji, muka cinye irinmu har ƙwayar ƙarshe. Takawira, kai ne ɗanta na fari, shekararka tara. Ka rungume tukunya kana kuka, ta ɓamɓare hannunka ta ce, “Wannan ba abinci ba ne.” Ta dama maka garin kuka da ruwa, ta fito bayan rumbu ta yi nata kukan inda ba ka gani. Ni na gani. Da ruwa ya dawo, garin nan kaf ba mai abin sawa a ƙasa. Ta buɗe uku, ta raba gida gida cikin hannu. Mai unguwa, ubanka ya cire hula ya karɓa. Matar Fasto ta bi ta bayan gari ta karɓa. Mun rayu, mun yi ƙiba, sai muka ce tamba wahalar sussuka gare shi, tsuntsaye sun dame mu, muka koma masarar shago. Bara ta sake ƙonewa, kuma ba gidan da ke da ƙwayar jan tamba sai nata.

Ranar jana'iza na yi wasana na sahwira. Na sa rigarta, na yi tafiyarta ta agwagwa, na ɗora tukunya ɗaya a ka na nufi gida, kuna ta dariya. Abin da sahwira ta ɗauka, da kaza ake fansarsa. Kwana arba'in ke nan ban ga ko gashin kaza ba.

To yau da safe aka miƙo mini kunun tsiro, na shanye kofi, na ce a ƙara. A na biyun ne harshena ya gane abin da nake sha. Na tashi na shiga ɗakin girki, sai ga tukwane shida a kife, an wanke su fes. Na kira Netsai, matar Takawira, na ce, “'Yar nan, ina abin da ke ciki?”

Ta ce, “Mbuya, ai Baban yara ya kira Fasto makon jiya, aka yi addu'a aka fasa bakinsu. Ba komai ciki, tsohon hatsi ne duk toka. Sai na wanke na jiƙa, ya yi tsiro, muka dama wa baƙi.”

Na ce, “Ya yi tsiro?”

Ta ce, “Gaba ɗaya, Mbuya, ko ƙwaya ɗaya ba ta ƙi ba.”

Kun ji. Ko ƙwaya ɗaya ba ta ƙi ba. Shekara shida yana jiran ƙasa, a bokitin roba ya tsiro.

Takawira yana bakin ƙofa da makullin mota a yatsa. Ya ce, “Mbuya Keresia, a bar maganar nan. Tukwanen nan sun ishe ni tun ina yaro. Iri ai yana shago. Ki ma aiko da ta wajenki mu rabu da su.”

Ɗana, na san yunwar da kake rama wa, kuma ban ce ba ta yi ciwo ba. Amma hannun da ya ɓamɓare ka daga tukunyar nan, shi ya sa ka kai shekara goma. Ka rama a kan gawa, kuma da cikinmu ka rama. Netsai, ke ba ki sani ba, amma shekara goma sha biyar kina auren gidan nan ba ki taɓa tambaya ba. Fasto, kofi uku na ƙirga maka. Tsafin ya yi daɗi?

Ta bakwai tana ɗakina, a liƙe. Ba na son kaza, ba na son saniya. Ranar da ruwan farko ya sauka, Takawira, ka zo gonar uwarka da fartanya, ka cire takalman nan, a bakin kunya zan buɗe maka ita. In ba ka zo ba, ni zan shuka da wannan bayan nawa, kuma wanda ya biyo ta bayan gari neman cikin hannu, sai ya faɗi sunanta da ƙarfi a tsakar gida tukuna.

Ranka ya daɗe, na gode da ka haƙura da bakina. Na gode wa waɗanda suka haƙa kabari da waɗanda suka ɗebo ruwa. Ubangiji Ya ba Esinati hutu, Ya ba mu ruwa, Ya ba mu kunya, Ya tsare tukunya ɗayar nan daga ƙwari da kuma daga gare mu. Amin.

Esinati, tsohuwar mayya, ki yafe mini kofi biyun. Ku kuma ku shanye abin da ke hannunku, kar wanda ya zubar da ko ɗigo. Shekara shida ce a ciki.